Kafin mu sayi tauraron ɗan'adam, mu duba yadda aka gina tashar ISS

A ƙarshen 2030 ko farkon 2031 ake sa ran sauko da ISS, tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, abin da bai ƙone a hanya ba ya faɗa tekun Fasifik. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta riga ta ba kamfanin SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 don ƙera kumbon da zai turo ta. A Yamai wasu za su ce ina ruwanmu. Da ruwanmu, tunda a watan Satumban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan samar da taurarin ɗan'adam.

Tashoshin farko, Salyut 1 ta Tarayyar Sobiyet a 1971 da Skylab ta Amurka a 1973, a dunƙule aka harba su. Da tashar Mir ta Sobiyet, daga 1986, aka koma gini ɗaki-ɗaki, ana harba kowane ɗaki daban a haɗa shi can sama. Salon da ISS ta gada ke nan. Ɗakinta na farko, Zarya, ya tashi daga Baikonur, filin harba roka da ke Kazakistan, ranar 20 ga Nuwamban 1998: Rasha ta ƙera, Amurka ta biya. Tun 2 ga Nuwamban 2000 kuwa ba a raba ta da mutane ba. Tsawonta mita 109, nauyinta ya haura tan 400, tana shawagi kimanin kilomita 400 bisa kanmu, wato bai kai tafiyar mota daga Yamai zuwa Tawa ba. Cikin minti 90 take zagaye duniya, rana ta fito musu sau 16 a yini; shi ya sa da ɗan Maleshiya Sheikh Muszaphar Shukor zai je a azumin 2007 sai da malaman ƙasarsa suka tsara masa yadda zai yi salla.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabon aikin. Ɓangaren Rasha ke da injinan da aka fi dogaro da su wajen ɗaga tashar in ta fara sunkuyowa, ɓangaren Amurka ke da manyan faifan sola da ke ba da mafi yawan wuta. Raba su ba abu ne mai sauƙi ba. Daga 2011 zuwa 2020 Amurkawa a kumbon Soyuz na Rasha suke hawa, kuma ko yaƙin Yukren bai sa an raba gari a can sama ba. Ba ƙauna ce ta riƙe su ba, kowa na riƙe da abin da ɗayan ke buƙata.

Ƙananan abokan tafiyar ma haka suka samu kujera. Kanada ba ta da rokar ɗaukar mutum, amma ita ta ƙera hannun nan na ƙarfe, Canadarm2, da aka yi amfani da shi wajen haɗa tashar, sai ƴan sama jannatinta suka samu gurbi. Japan ta kawo ɗakin gwaji na Kibo. Sin da aka rufe wa ƙofa ta gina tata, Tiangong, daga 2021.

Mai saye kawai fa? Maƙwabciyarmu Najeriya ta sayi NigComSat-1 daga Sin, aka harba a 2007, ya lalace a 2008 saboda matsalar faifan sola, sai 2011 aka harba madadinsa. Shekara uku ana jiran mai sayarwa.

Ban ce kada a saya ba. Ƙasa mai faɗin Nijar, ga matsalar tsaro, ga ƙauyukan da layin waya bai kai ba, tana buƙatar ido a sama. Amma muna da abin da za mu shiga ciniki da shi. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, ta daɗe tana karanta hotunan taurarin ɗan'adam don hasashen damina da sa ido kan fari. ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ma a nan take. Jami'armu kuwa sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin da ya yi suna kan makamashin rana.

Don haka ya kamata hukumomi su fito su faɗa mana abin da ke cikin yarjejeniyar: injiniyoyinmu nawa za su tsaya a wurin ƙira tun daga farko, a wane gari za a kafa tashar sarrafawa ta ƙasa, kuma ranar da tauraron ya samu matsala, wa ke da ikon ba shi umarni.