Ashe kuɗin ilimi ma mai takarda yake bi

Kun dai ga abin da na ɗora jiya, ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu an garƙame shi da kwaɗo. Malamar ta gaji. Watanni ke nan ba a ba ta ɗan alawus ɗin da ko kuɗin adaidaita ba ya isa, alli ma matan ne ke haɗa ɗari-ɗari su saya. Sai ga wani mai digiri biyu a ƙasan rubutuna wai "tsofaffi me za su yi da boko, a bar kuɗin a kashe wa yara." Sannu da ƙoƙari, Malam Dakta. Allah Ya ƙara basira.

Gwaggona tana cikin ajin nan. Shekararta ta haura hamsin, ƙuli-ƙuli take yi. Na gan ta da idona ta naɗe ƙafa a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwa na dukan tebur, tana rubuta sunanta harafi bayan harafi har tana cije leɓe. Ranar da ta karanta saƙon banki da kanta, ba ta miƙa wa yaron mai POS waya ba, sai da ta kira ni. Wannan ita ce za a ce kuɗin gwamnati ya fi ƙarfinta.

Ku duba yadda aka tsara rabon. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Jami'o'i da kwalejoji suna da TETFund, harajin da ake cira daga ribar kamfanoni, da shi aka riƙa tura malamai Ingila da Malesiya su yo digiri na uku. A 2024 an ƙaro NELFUND, bashin karatu ga ɗaliban manyan makarantu. Madalla, ban ƙi ko ɗaya ba. To ina asusun wanda bai taɓa shiga aji ba? Akwai hukumar ilimin manya ta ƙasa tun 1990, amma ba ta da irin wannan rijiya da ake ɗiba kullum, sai abin da kasafi ya rage mata. Wato in kana da takarda a ƙara maka, in ba ka da ita ka je Allah Ya ba da sa'a. Kuma ribar kamfanonin nan daga aljihun wa ta fito? Gwaggo ma tana sayen kati, tana sayen sukari da sabulu. Da kuɗinta ake yi wa wani digiri na uku, ita an hana ta alli.

Kada wanda ya zo min da zancen "babu kuɗi." A 8 ga Satumba za ku ga runfuna da riguna da huluna an buga don bikin ranar yaƙi da jahilci. Na runfa akwai, na malama ne babu. Masu cewa a fara da yara kuwa, wa ke duba littafin yaron in ya dawo gida? Uwar da ba ta iya karanta takardar magani ba ce za ta gane ɗanta ɗan aji biyar bai iya haɗa baƙi ba?

Abin da ke ƙona min rai, mun taɓa yi. Tun shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta ɗauki Yaƙi da Jahilci da gaske, ana buga ƙananan littattafai a Zariya don manya sababbin karatu. A 1980 Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya a Kano, har UNESCO ta yaba mata. Wallahi ba mu fi su talauci ba, su dai sun ɗauki manomi da mai dako mutane ne.

Af, kalmar "jahili" ma tana ba ni haushi. Gwaggo ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami tun kafin a haife ni. Da shi take gane kuɗi. A 2007 aka goge shi daga naira 5 zuwa 50, ba wanda ya tambaye ta. Yanzu in ta karɓi ɗari biyar sai ta nuna min rubutun ta ce, "Ka ga wannan, su ma ba su daɗe ba za su cire."