La'adar dillali ba haraji ba ce

A Sakkwato, da yawa suna ɗauka in an sayi gida a Mabera, an ba dillali la'ada, mai unguwa ya sa hannu, to magana ta ƙare. Ina! Ko sisi gwamnati ba ta gani ba tukuna.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka sai da amincewarsa gida mai takardar mallaka zai koma sunanka. Nan ne ake biyan harajin hatimi da kuɗin rajista, gwargwadon darajar gidan. Jami'ai kan yi nasu ƙiyasin, saboda haka rage farashi a takarda dabarar banza ce. Yawanci mai saye ke biya, ta banki, ya riƙe rasidinsa.