Dutsen da ke yawo a sama, mu kuwa idonmu na kan waya

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Daren jiya an ɗauke wuta a unguwarmu nan Birnin Kebbi, zafi ya koro mu tsakar gida. Muna kan tabarma, kowa ya duƙufa a wayarsa, sai ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyya ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, ka san can sama akwai dutsen da faɗinsa ya wuce nisan nan zuwa Kano?" Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya yi dariya ya ba ni labarin, ni kuwa barci ya ƙaurace mini.

Tsakanin duniyar Mars da ta Jupita, waɗanda malamanmu suka sani da Mirrihu da Mushtari, akwai wani fili da duwatsu birjik ke kewaya rana. Na biyu a nauyi cikinsu shi ake kira Vesta. Faɗinsa kusan kilomita 525, nisansa da rana kimanin kilomita miliyan 350, kuma sai ya shafe shekara uku da wata bakwai kafin ya zagayo ta sau ɗaya. Juyawarsa a kan kansa kuwa awa biyar da 'yan mintoci ce, wato kafin ka gama hirar bayan la'asar rana ta fito ta faɗi a can. Jan da yake yi wa abu rarrauna ne ƙwarai: buhun shinkafa mai kilo 50, wanda ke sa ɗan dako nishi a kasuwar Argungu, a can da yatsa biyu za ka ɗaga shi.

Wanda ya fara gano shi likita ne a garin Bremen na Jamus, Heinrich Olbers. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare ya hau benen gidansa da madubin hangen nesa. Shi ne ya gano wani dutsen a wannan fili mai suna Pallas a 1802, shekara guda bayan wani ɗan Italiya, Piazzi, ya gano wani mai suna Ceres. Sai ya zaci waɗannan ɓaraguzan wata duniya ce da ta tarwatse, ya ce lallai akwai saura, ya yi ta bin sassa biyu na sama yana dubawa shekara da shekaru. Masana na yau ba su yarda da wannan zato nasa ba, amma naci ya biya shi. Ranar 29 ga Maris 1807 ya yi ido biyu da Vesta. A lokacin Shehu Usmanu na zaune a Gwandu, Alkalawa ma ba ta faɗi ba tukuna.

Ku lura da kyau, ba a 1807 aka halicci dutsen nan ba. Tun kafin Kanta ya gina Surame yana nan yana iyo a hanyarsa, tun kafin a san Kabi, tun kafin kakanmu Adamu. Babu mai kallonsa, babu mai yaba masa, bai kuma taɓa fashin zagaye ba. "Wa kullun fi falakin yasbahun." Mu kuwa in liman bai lura mun zo asuba ba, sai gwiwa ta yi sanyi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne tabon da ke jikinsa. Kumbon Dawn na Amurka ya isa wurinsa a 2011, ya yi fiye da shekara yana kewaya shi yana ɗaukar hoto. A kudancinsa akwai rami mai faɗin kusan kilomita 500, wato saura ƙiris ya cinye faɗin dutsen baki ɗaya. Wani dutse ne ya rabka masa karo. A tsakiyar ramin wani tsauni ya taso, tsayinsa kusan kilomita 20, ya ninka Everest, tsauni mafi tsayi a duniyarmu, fiye da sau biyu. Ɓaraguzan da suka fantsama, wasunsu har yau suna faɗowa nan ƙasa, masana na tsinta su auna su gane daga jikinsa suke. An doke shi dukan da ya kusa raba shi biyu, amma Wanda ke riƙe da sammai da ƙasa don kada su gushe bai sake shi ba. Na tuna 'yan uwanmu da aka raba da gonakinsu da garuruwansu, na ce Wanda ya riƙe wancan bai manta da waɗannan ba.

Cikin duwatsun nan duka, Vesta ne ya fi haske. Wani lokaci idan ya matso, sama ta yi wasai, babu farin wata, mai kaifin ido na iya hango shi ba da madubi ba, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Sharaɗinsa duhu. Mutanen manyan biranen Turai fitilu sun rufe musu sama, sai sun yi tafiya su nemi duhun da mu muke tsine wa kullum. Ban ce rashin wuta alheri ba ne, Allah Ya kawo mana gyara. Amma tun da duhun ya zo, me muka ci da shi? Kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, da fitowar Gamzaki suke sanin asuba ta gabato. Tambayi yaronka yau ya nuna maka ɗaya.

Allah Ya faɗa a Suratu Yusuf cewa ayoyi da yawa ne a sammai da ƙasa, mutane na wucewa ta kansu suna masu kau da kai. Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna, ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tashi cikin dare ya dubi sama ya karanta ƙarshen Ali Imrana: "Inna fi khalƙis samawati wal ardi..." sannan ya yi alwala ya yi salla. Wannan sunna ba ta cin kati, ba ta cin caji, ba ta kuma buƙatar ka fita waje a wannan zamani na fargaba. Tsakar gida ta isa.

Kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta wajen masu duba. Dutsen nan bai san ranar aurenka ba, bai san ko hatsi zai yi tsada bana ba. Bawa ne kamar kai, sai dai shi ba ya saɓo.

Ni dai jiya sai da na kife wayar a kan tabarma. Yaron ya nuna mini sashen da ake nemansa, na ƙura ido har wuya ya gaji, ban gan shi ba. Kaza da 'Ya'yanta ma sai da na yi ta lalube kafin na tuna ba lokacinta ba ne. Na tashi na ɗauki buta.