Wanda ke ɗaga waya shi ke shan zagi

Mutanen gida suna ganin duk mai aikin ofis a Ingila ya huta: ba rana, ba laka, albashi na faɗowa ƙarshen wata. Ban musa ba. Amma ina aiki a sashen biyan diyya na wani babban kamfanin inshora, kuma na ga yadda mugun shugabanci ke cinye mutum yana zaune kan kujera mai laushi.

Umarni daga sama yake saukowa, daga bakin mutanen da ba su taɓa amsa kiran wanda ruwa ya ci gidansa ba. A ƙayyade maka mintocin da za ka yi da kowane mai kira. A rage ma'aikata, a ɗora wa mutum ɗaya aikin biyu. A canza tsarin kwamfuta ba tare da an tambayi masu amfani da shi ba, in ya rikice a ce sakacinmu ne. Dattijuwa ta kira tana kuka, kai ka san tana da gaskiya, amma an ɗaure maka hannu, zagin kuma a kunnenka zai sauka. Ƙwararru su gaji su ajiye aiki, sabbi su koya daga waɗanda su ma jiya suka zo. Shi kuwa babban darakta sai a allo muke ganinsa, yana cewa mu duka 'yan gida ɗaya ne.

Ba sabon abu ba ne. A 2008 gwamnatin Amurka ta ceto kamfanin inshora na AIG da rancen dala biliyan 85 a tashin farko, sai ga shi a Maris 2009 an raba ladan dala miliyan 165 a sashen da ya jefa kamfanin cikin rami. Sauran ma'aikata, da ba su ci ba ba su sha ba, da su aka raba fushin jama'a.

A fadamar Auyo ta jihar Jigawa kuwa, mai gonar shinkafa da ya danne haƙƙin 'yan ƙwadago ba shi da wurin ɓuya. Za a haɗu a masallaci da magariba, magana ta kai wurin mai unguwa, baɗi kuma ya nemi masu dashe ya rasa. Kada dai a ce ina yabon gida ido rufe: ɗan ƙwadago ba shi da takarda, ba hutun jinya, in maciji ya sare shi ta kansa yake yi. Ni a nan ina da ƙungiya, ina da kotun ma'aikata. Abin da na rasa shi ne shugaban da zan haɗa ido da shi har ya ji kunya.

Shi ya sa nake tsoro idan na ji ana kiran manomanmu su shiga inshora, ko ta NAIC, hukumar inshorar noma ta Najeriya, ko ta takaful, wato inshorar Musulunci, musamman bayan ambaliyar 2022. Abin na da amfani. Amma wakilin da za a tura ƙauye ɗan gari ne, da mutuncin gidansu zai karɓi kuɗin kawunansa. In hedikwata a Legas ko Abuja ta ja ƙafa wajen biya, shi ne zai kasa shiga kasuwar Hadejia ranar Lahadi.