Ba ɗan wane muke tambaya ba, ina aikinsa?

Jiya a wajen ɗaurin aure a Unguwar Rimi wani bawan Allah ya ɓata min rai. Ana cikin hirar kujerun alƙalai, sai ya gyara zama ya ce ai ɗan ogansu ya riga ya samu, wai "an gama magana a sama." Nan take aka hau yi masa barka. Cikin duk waɗanda ke kan tabarmar nan babu wanda ya tambaya: shi yaron, wace shari'a ya taɓa tsayawa a kanta? Wallahi har na isa gida abin yana cina.

Jama'a, alƙalin Babbar Kotu fa muke magana. Mutumin da da bakinsa zai ce a rataye wani, da alƙalaminsa zai raba marayu da gidan ubansu ko ya mayar musu. Shi ne za a ba ɗan wane don a faranta wa wane?

Ku duba sashe na 271 na kundin tsarin mulkin 1999. Gwamna ke naɗawa bisa shawarar hukumar shari'a ta ƙasa, NJC, kuma sharaɗin da aka rubuta shi ne mutum ya kai shekara 10 da zama lauya. In Babban Joji ne, sai majalisar dokoki ta amince. To shekara 10 ɗin nan, wani a kotu ya yi ta yana haɗa gumi, wani kuwa rigar ce kawai rataye a ɗaki. A takarda duk ɗaya suke. Shi ya sa nake cewa a nuna mana aikinsa.

Na san za a ce ai NJC na tantancewa. Sunayen daga ina suke zuwa mata? Daga hukumar shari'a ta jiha. Mutum takwas ne a ciki: Babban Joji, shugabannin kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a da na al'ada, sai kwamishinan shari'a, lauyoyi biyu da wasu mutum biyu. Biyar ɗin ƙarshen nan duk gwamna ne ya kawo su. Wanda aka cire sunansa tun daga Kaduna, Abuja ba za ta ma san da shi ba.

Masu cewa Kaduna sai da raba daidai, kudu da arewa, Musulmi da Kirista, na ji ku, kuma ban ce a tattara kujeru a gida ɗaya ba. Amma Zariya akwai gwanaye, Kafanchan akwai gwanaye. In rabon ne, me ya hana a ɗauko gwanin kowane ɓangare? Sai a fake da yanki a cusa ɗan gata, talakan yankin kuma yana murna wai nasu ya samu. Ranar da filinka ya haɗa ka da uban gidansa za ka san ko naka ne. Mun ga inda wannan tunanin ya kai Kuros Riba a 2020, lokacin da majalisa ta ƙi amincewa da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin Babbar Joji, wadda ita ce gaba a girma, don asalinta Akwa Ibom ne, sai 2021 aka tabbatar da ita.

Kuma ku tuna, tun 2023 alƙalan manyan kotuna sai sun kai shekara 70 suke ritaya. Gwamna shekara takwas ce iyakarsa. Wanda aka ɗora yana ɗan 40 zai yi shekara 30 a kanmu, da mu da 'ya'yanmu. Don Allah in an fitar da sunaye, lauyoyinmu ku daina gunaguni a ofis, ku rubuta abin da kuka sani. Mu ma mu tambaya: ina hukuncin da ya rubuta, nawa kotun sama ta rushe?

Ni waɗanda ke ba ni tausayi su ne majistarorin da suka tsufa a Birnin Gwari da Ikara da Kachia, ba su da kowa sai Allah, kullum ana tsallake su. Kai, har ma gara su da masu jiran shari'a a gidan yari. Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya shekara biyu a ciki, duk zaman kotu sai a ɗage. Mahaifiyarsa har akuyoyinta ta sayar don kuɗin mota da na abincin da take kai masa.