Ƙugiyoyinmu Sun Zama Baka da Alamomi

Jiya na kwana da takaici. Wani dattijo daga Gwale ya kawo mini rubutunsa a shagona da ke Kabuga, shafi 40 a Word, yana so in mayar masa da shi shafin intanet don ya riƙa gyarawa da kansa. Na ce, “Baba, ai aikin minti biyar ne.”

Ina mayarwa na buɗe, wallahi sai da kaina ya yi zafi. Word ya cusa tarkacen lambobinsa masu farawa da mso a ko'ina, layi guda na rubutu yana jan jela ta layuka goma. Wannan ma da sauƙi, ana iya sharewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙugiyoyinmu, wato haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ. Da tsohon font (salon haruffan kwamfuta) na Rabi'at aka buga rubutun, ba Unicode ba (wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke ganewa), don haka duk “ƙasa” ta koma “}asa”, “haɗa” ta koma “ha]a”. Dattijon ya duba ya ce, “Ɗana, wannan wane yare ne?” Kunya ta kama ni.

Masu buga rubutu a Kano, don Allah ku koma Unicode mana! Har aka yi kiran isha'i ina bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, janareto yana ta shan mai.