Wa ya ba ku ikon yafewa a madadinsa?

Zancen yaron nan tela da mota ta banke a kan babur ɗinsa, wanda hoton ƙafarsa ke ta yawo tun makon jiya, yau na ji wai an kashe maganar. Dattawa sun zauna a soron mai motar, an miƙa Naira 50,000, an shafa fatiha, an ce a bar wa Allah. Shi kuwa yaron yana kwance a Asibitin Ƙashi na Dala, ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu, babu wanda ya je ya ji ta bakinsa. Kawunsa ne ya yafe.

Wannan zalunci ne, ko fatiha nawa aka shafa a kansa. Ƙafar ba ta kawu ba ce. Da ita yaron ke taka keken ɗinki, da ita yake ciyar da uwarsa da ƙannensa. Kuɗin da aka bayar ko ƙarfen da za a sa masa ba za su saya ba, balle magani, balle watannin da zai yi shago a rufe. Wanda ya ji ciwon shi ke da hakki, shi kaɗai zai ce ya yafe, kuma sai ya san abin da yake yafewa.

Na san za ku cika min wuri da "ai ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Ƙaddara ce, na yi imani. To diyya don me aka saukar da ita? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure take, kuma ta ce a miƙa diyya ga iyalan mamaci sai dai in su suka bar ta sadaka. Su, masu hakkin. A takardar da Manzon Allah (SAW) ya aika Yaman ta hannun Amru ɗan Hazmu, ƙafa ɗaya raƙumi 50 ce, yatsa 10, haƙori 5. Addinin da ya ƙayyade wa haƙori diyya shi za ku fake da shi ku hana mutum kuɗin jinyarsa? Sadakar da aka matsa wa mutum ya yi don gudun a ce ba shi da tawakkali, ƙwace ce.

Wasu kuma su ce mai motar ma talaka ne, a tausaya masa. Ai saboda haka aka yi inshora. Tun 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka buge. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3, ƙari a kan diyyar rauni da rasa rai. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda ke tare mutane a hanya suna neman takardar. In ta gaske mai motar ya yanka, kamfani ne zai biya, aljihunsa bai ji komai ba. In ta bogi ya saya a hannun 'yan kamasho don ya wuce shinge, laifinsa ya zama biyu, kuma ana iya gane hakan da lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID. Mai cewa inshora haramun ce, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, a ƙasar nan, ya je can.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan zaman sulhun yana ɓata hujjar yaron. Kamfani ba ya biya da baki. Sai da rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da rasidan asibiti, kuma a sanar da su da wuri. Da zarar kawu ya je caji ofis ya ce an sasanta, shi ke nan, an rufe fayil. Gobe kuɗi su ƙare, a sato yaron daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori, ƙafa ta kumbura ta ruɓe, a dawo a yanke. A ranar ba za ka ga ko ɗaya daga cikin dattawan soron ba.

Don Allah duk wanda ke da kusanci da gidan, ya faɗa wa mahaifiyarsa kada ta sa hannu a kowace takarda tukuna, ta adana kowane rasidi.

Sannan ku 'yan uwana masu babur, ina hular kwano? A 2009 da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta ta, har ƙwarya aka riƙa kifawa a ka don a wuce su. Yau a Kano sai ka ga uba ya ɗauko mata da yara uku zuwa makaranta, babu ko ɗaya da hula, yana kuma amsa waya yana ratsa tsakanin Adaidaita Sahu.